Watannin da na ajiye maganin homon

Ni mace ce mai sauya jinsi, an haife ni da jikin namiji, kuma na yi shekaru ina shan maganin homon, wato sinadarin da ke ba jiki siffar mace ko ta namiji, kafin in ajiye shi na wasu watanni da gangan. Ba ciwo ne ya sa ni ba, ba kuma shawara na sake ba. An riga an sa mini ranar tiyatar cire maraina, sai likitar da ke duba ni ta ce akwai maganar da take so mu gama kafin in sa hannu a takarda.

"Daga ranar da aka yi aikin nan," in ji ta, "maganar haihuwa daga jikinki ta ƙare ke nan. In kina da ko ɗigon sha'awar samun ɗa na jininki wata rana, yanzu ne lokacin adana maniyyi. Sai dai fa dole ki ajiye magani."

Na ce, "Likita, har tsawon wane lokaci?"

Ta ce aƙalla wata uku, yana iya fin haka, kuma ba za ta yi mini alkawarin za a samu komai ba. Na koma gida na yi ta juya maganar. Ban taɓa ganin kaina da goyo ba, gaskiya, amma da aka ce mini ƙofar za a toshe ta da siminti sai na ji ba na so a toshe ba tare da na leƙa ba. Aka ɗage ranar tiyata.

Wata ukun nan ba daga ka aka tsinto shi ba. Maganin da nake sha iri biyu ne: estiradiyol, wato istrojin ɗin da jikin mace ke yi, da sifironolakton, wanda ke tare wa testostiron, homon namiji, hanya. Idan istrojin ya yi yawa a jini, ƙwaƙwalwa takan ɗauka cewa homon ya wadata, sai ɗan ƙullutun nan da ke ƙarƙashinta, fituwitari, ya rage aika saƙonni biyun da ke tashin maraina aiki, LH da FSH. Maraina su kwanta, testostiron ya faɗi, yin maniyyi ya ja baya ko ya tsaya cak. Likitoci kan nemi testostiron ɗin mace irina ya sauka ƙasa da 50 a ma'aunin ng/dL, alhali na namiji baligi yakan kama daga wajen 300 zuwa sama. To in an ajiye magani, sai ƙwaƙwalwa ta farga ta sake aika saƙo, sai maraina su farka, sannan a fara ƙirga kwana 74 ko kusa da haka da ƙwayar maniyyi ke ɗauka daga farawa zuwa nuna. Shi ya sa wata uku ma ƙaramin lissafi ne.

Likitar ta ba ni labarin wani bincike da ya fito a 2023 a mujallar Cell Reports Medicine, na likitocin Amsterdam da Melbourne. Mata tara ne irina da suka ajiye homon, kuma dukkansu an samu ƙwayoyin maniyyi masu rai daga baya, ko da yake wasu sun daɗe suna jira. Huɗu daga cikinsu sun nemi haihuwa ta hanyar da aka saba, uku sun samu. Ta ƙara da cewa mutum tara ba su da yawa, kada in ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu. Na ji daɗin wannan gaskiyar tata, don da ta cika mini baki da ban yarda da ita ba.

Abin da na fi tsoro shi ne dawowar testostiron. Ashe ba shi zan fara gamuwa da shi ba. Ƙwayar estiradiyol da ake haɗiya ba ta daɗewa a jini, cikin 'yan kwanaki ta fice, shi kuwa testostiron yana buƙatar makonni kafin ya hau. A tsakanin nan jiki ba shi da wannan ba shi da wancan, kamar gidan da mai haya ɗaya ya kwashe kayansa, na biyu kuma bai tare ba. Nan na sha wuya.

Da dare abin ya fi zuwa. Ina cikin barci sai in ji zafi ya taso daga ƙirji, ya hau wuya, ya mamaye fuska har kunnuwa, zuciya na dukan uku-uku. In yaye bargo, in juya matashi don ɓarin da nake kai ya jiƙe sharkaf, in zauna a bakin gado ina fifita da hannu. Minti kaɗan zafin ya wuce, zufar ta huce a jikina, sai sanyi ya kama ni har haƙora na haɗuwa, in sake jawo bargon. Kafin barci ya dawo wani ya sake tasowa. Da rana kuma kaina ya yi nauyi, in karanta layi ɗaya a kwamfuta in sake karantawa ban riƙe komai ba, gaɓoɓi na ciwo kamar an yi mini duka. Ƙaramin abu ya sa ni hawaye, wani ƙaramin abun ya sa ni faɗa.

Yayata, wadda ta girme ni sosai kuma al'adarta ta fara ɗaukewa a lokacin, ita ta fara gane abin. Ta same ni wata rana tsaye gaban fanka fuskata ta yi ja, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ƙanwata, ai ke ma kin shigo ƙungiyarmu. Sannu da zuwa."

Na ce, "Yaya, da ma haka kike fama ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta ce, "Wa zan faɗa wa? Samo rigar auduga mara nauyi, ki ajiye ruwa kusa da gado, ki daina shan kofi da yamma."

Gaskiyarta ce, abu ɗaya ne: faɗuwar istrojin ce ke rikita wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa, ko a jikinta ko a nawa. Ban taɓa jin kusanci da ita kamar a makonnin nan ba.

Ajiye sifironolakton kuwa sauƙi ya kawo mini, in faɗi gaskiya. Asalinsa maganin hawan jini ne mai sa fitsari, yana fitar da gishiri yana riƙe fotasiyam. Da na bar shi na daina zirga-zirgar banɗaki, jirin da ke ɗibata in na miƙe da sauri ya tafi, kwaɗayin gishirin nan da ya zame mini ɗabi'a ya ɓace. Likitar dai ta ce in riƙa auna jinina a gida, don wasu nasu yakan ɗan hau in sun bari.

Zufar dare ta fara raguwa a daidai lokacin da testostiron ya fara hawa, domin jiki yana juya wani ɓangarensa zuwa istrojin. Sai na samu barci, amma na san kuɗin da na biya. Ba a madubi na fara ganinsa ba, a hanci na fara jinsa. Wata safiya na ɗauki rigar da na sa jiya zan jefa cikin kwandon wanki, sai wani wari ya bugi hancina daga hammatarta, mai kauri, mai ɗan tsami. Na san shi. Warin jikina ne na shekarun da ba na son tunawa, wanda na manta ma ina da shi. Na tsaya riƙe da rigar na daɗe. Babu wanda zai ce ga wani abu ya canza a kaina ranar, amma ni na ji kamar an buɗe ɗakin da na kulle na yar da makulli. Daga nan na koma wanka safe da yamma, ina sauya riga tsakar rana, ina tambayar Yaya ko tana jin wani abu. Ta ce ba ta ji, in bar wahalar da kaina. Ko ta ji ma ba za ta faɗa ba.

Bayan wari sai fata. Ta fara maiƙo, goshi na ƙyalli kafin azahar, ƙuraje suka fito a haɓa da gadon baya. Gashin fuska da na kashe da leza bai dawo ba, amma siraran da suka rage sun yi kauri sun yi baƙi, sun kuma ƙara saurin tsiro, har askin da nake yi jefi-jefi ya koma na kullum. Gashin hannu da na ƙirji ma haka, a hankali. Sai tashin gaba da asuba, wanda ya daɗe da barina, ya dawo, tare da wata irin sha'awa mai naci da ke katse wa mutum tunani yana tsakiyar aiki. Likitar ta ce wannan alama ce mai kyau ga abin da muke nema. Na ce mata na sani, amma kada ta sa ran in yi murna.

Gashin kai ne ya fi tayar mini da hankali, don shi in ya tafi ba lallai ya dawo ba. Testostiron na juyewa zuwa wani homon da ake kira DHT, shi ne ke cinye saiwar gashi a goshi da tsakiyar kai ga mai gadon sanƙo, mu kuwa a gidanmu gado ne. Na fara ganin gashi a mataji fiye da da. Na roƙi likitar ta ba ni finasteraid, maganin hana zubewar gashi, ta ce a'a, yana iya rage yawan maniyyi, ba za mu gina da hannun dama mu rushe da na hagu ba.

Maganar zuciya ta fi wuyar faɗa. Hawayen da ke zuwa mini da sauƙi ya ƙafe. Abu zai dame ni, in ji shi tokare a maƙogwaro, in so in yi kuka in huta, ya ƙi fita, sai ya juye ya zama haushi. Na yi wa mutane tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ba na ɗora wa homon laifin duka, domin wadda ke kallon jikinta yana komawa inda ta gudo ba ta buƙatar wani sinadari kafin ranta ya ɓaci. Su biyun sun haɗu ne suka yi mini taron dangi. Akwai makonnin da na daina fita sai dole, na rufe madubin ɗaki da mayafi. Likitar ta haɗa ni da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa tun kafin in ajiye magani, lokacin ina ganin ɓata lokaci ne, sai ga shi ranar ganinta ce nake ɗokin zuwanta a mako.

Wani ɗan'uwanmu da ya ji labari, ban san ta bakin wa ba, ya kira Yaya yana murna wai hankalina ya dawo, na gane gaskiya. Mutane da yawa haka suke fassara dakatarwa: in ka ajiye, to ka yi nadama. Ban ɓata bakina wajen yi masa bayani ba. Amma a raina na ce, da akwai sauran shakka a zuciyata game da ko wace ce ni, watannin nan sun wanke ta tas.

Ba duka ne sharri ba, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙarfi ya dawo mini. Matakalar da nake hawa ina haki na koma hawanta da kaya a hannu, murfin kwalbar da nake miƙa wa wani na koma buɗewa da kaina. Gwajin jini ya nuna himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, ya hau, don testostiron na sa ɓargo ya ƙara yin jajayen ƙwayoyin jini. Sanyin hannu da ƙafa ma ya ragu. Na ji daɗin ƙarfin, na kuma ji haushin jin daɗinsa.

Abin da bai tafi ba ya fi abin da ya tafi yawa, kuma wannan ne na so a ce wata ta gaya mini tun farko. Nono bai koma ba. Naman nono in ya riga ya tsiro ya zauna ke nan, ya dai ɗan saki, rigar mama ta ɗan yi mini yawa. Kitsen ƙugu da cinya bai gudu ba, domin shekaru ya ɗauka yana taruwa, ba a wata uku ko huɗu zai kwashe ba. Murya ba ruwanta da maganar, istrojin bai taɓa sirantar da ita ba tun asali, horo ne ya kai ta inda take, kuma horon yana nan. A titi da wurin aiki babu wanda ya kalle ni sau biyu. Duk girgizar ƙasar a cikin fatata take.

Wurin adana maniyyi ya zo da nasa nauyin. Ana so mutum ya ƙaurace wa fitar da maniyyi na kwana 2 zuwa 7 kafin gwaji, sannan a miƙa masa ɗan kofi mai murfi a nuna masa ɗaki. Ma'aikaciyar ta kira sunana a ɗakin jira, ta dubi takarda, ta dube ni, ta sake duban takarda, sannan ta ce, "Bismillah, ta nan," ba ta ƙara komai ba. Allah ya saka mata. Gwajin farko bai yi armashi ba, ƙwayoyin 'yan ƙalilan ne, yawancinsu ba sa motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a littafinta na 2021, ta sa miliyan 16 a kowace mililita a matsayin ƙasan ma'auni, ni ko kusa ban je ba. Aka ce in ƙara haƙuri. A nan na kusa fasawa, don na riga na sa wa raina rana, sai aka matsar da ita gaba. Na ce wa likitar ba zan iya jira ba iyaka ba. Muka zauna muka sa wata rana ta ƙarshe, muka yi yarjejeniya cewa ko an samu ko ba a samu ba, ranar nan zan koma kan magani. Wannan ranar ce ta riƙe ni. Gwajin baya ya fi na farko, bai kai ma'aunin ba, amma an ce ya isa, tunda akwai dabarar ICSI da ake ɗaukar ƙwaya ɗaya tak a cusa ta cikin ƙwan mace. Aka raba shi cikin 'yan bututu aka daskarar a ruwan naitirojin, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili.

A daren ranar na koma shan magani. Komawar ta fi tafiyar sauƙi. Kan nono ya yi tsami kamar lokacin da na fara, na yi ta fitsari, cikin 'yan makonni warin nan ya tafi, fata ta bi baya, ƙurajen suka bushe suka bar tabo kaɗan. Hawaye ya dawo wata rana ina kallon wani shirme a talabijin, na yi kuka har Yaya ta leƙo. Gashin gefen goshi ne kawai bai cike duka ba, har yau ina karkatar da tsagar kaina don in rufe wurin.

Da ranar tiyata ta matso, sai likitan tiyata ya miƙo mini takardar sharuɗɗa, a ciki har da cewa in ajiye istrojin mako huɗu kafin aiki. Gabana ya faɗi. Tsohuwar ƙa'ida ce, kuma tana da tushe: istrojin na ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, tiyata da doguwar kwanciya ma haka, gudan jinin kuwa in ya ɓalle ya tafi huhu yana kisa. Sai dai ƙa'idar ta samo asali ne tun zamanin da ake ba mata irina etinil estiradiyol, mai haɗarin gudan jini sosai, wanda yanzu an daina amfani da shi a wannan jinya. A 2021 likitocin asibitin Mount Sinai da ke New York sun wallafa abin da suka gani a majinyatansu, cewa waɗanda suka ci gaba da istrojin lokacin tiyata ba su fi waɗanda suka ajiye samun gudan jini ba. Ƙa'idojin WPATH, ƙungiyar duniya ta masana lafiyar masu sauya jinsi, bugu na 8 da ya fito a 2022, sun ce likitan homon da likitan tiyata su zauna su yanke shawara tare.

Ban je masa da gardama ba, shi ne mai wuƙa a hannu kuma shi zai amsa tambaya in wani abu ya faru. Na ce, "Likita, na ajiye maganin nan kwanan baya, na san abin da ya yi mini. In akwai dalili a jikina zan sake ajiyewa. In kuwa ƙa'ida ce ta kowa da kowa, ina roƙon ku yi magana da likitata." Ya yi mini tambayoyi: ina shan taba, na taɓa samun gudan jini, akwai mai shi a dangi, nawa ne nauyina. Duk babu abin damuwa, aikin kuma gajere ne, ba mai kwantar da mutum kwanaki ba. Suka yi waya, suka daidaita a kan in bar ƙwaya in koma filastar da ake liƙawa a fata, domin ita ba ta bi ta hanta, haɗarinta ya fi ƙanƙanta. Aka sa mini safar matse ƙafa, aka tashe ni tafiya a ranar da aka yi aikin. Da ina shan taba ko na taɓa samun gudan jini, da amsar ta bambanta, kuma da na bi.

Yanzu lissafina ya canza gaba ɗaya. Ba ni da maraina, na bar sifironolakton har abada, amma in na ajiye istrojin babu wani homon da zai taso ya cike gurbin. Wata ƙawata da aka yi wa aiki kafin ni ta gamu da wannan lokacin da maganinta ya yanke a kasuwa na tsawon watanni. Ita ba ta zaɓa ba, ba ta da ranar komawa, ba kuma wani abin da take jira a ƙarshe. Zufar da ni ta sake ni bayan makonni ita ba ta sake ta ba, barci ya gagare ta, ta rame, ta daina ɗaga waya. Abin da ba ta ji a jikinta ba shi ne mafi haɗari, domin ƙashi yana buƙatar homon, na mace ko na namiji, in babu ko ɗaya sai ya yi ta zaizayewa shiru har ranar da za a faɗi a karye. Da maganin ya dawo likitanta ya tura ta hoton auna ƙarfin ƙashi, ya ƙara mata bitamin D.

Tun daga nan ba na bari magani ya kusa ƙarewa kafin in nemi sabuwar takarda, ba a fafe gora ranar tafiya. Na kuma sa likitata ta rubuta mini adadin da zan koma a man shafawa ko allura in filastar ta yi wuyar samu, takardar tana cikin jakata tare da katin asibiti.